Yaron da Ya Zo Jiya Ya Wuce Ni, To Sai Me?

Duk wanda ke bi ta bayan wakshof ɗin injiniyoyi bayan la'asar ya san mu. Mu ne waɗannan da ake gani suna ɗare katanga, suna dirowa daga dakalin tsohon tankin ruwa, suna birgima a ƙasa kamar masu iska. Wasu na ce mana 'yan tsalle, wasu birai, akwai ma wani baba maigadi da ya taɓa kallonmu ya girgiza kai ya ce, "Ku dai Allah ya sa ba sana'a kuke koya ba." Sunan wasan fakur, idan kuma aka haɗa masa alkafura da ƙawa sai a ce firiranin. Ban zo kare wasan ba, wanda ya ga hauka ne ya ci gaba da ganinsa haka. Abin da ya sa na nemi fili a mujallarmu shi ne wani ciwo da ya fi siminti cinye mana mutane, kuma ba mai son ambatarsa: ka wayi gari ka ga wanda ya zo bayanka, wanda kai ka koya wa tsayuwa, ya wuce ka fintinkau.

Shekarata uku a wannan wasa. Na fara tun ina zaman jiran admishan, bayan wani yayana ya turo mini fim ɗin District 13 a waya, na yi ta maimaita wurin da David Belle ke tserewa ta tagogi da rufin benaye har batir ya mutu. A shekara ukun nan na iya dira, na iya birgima a kan siminti ba tare da na kurje kafaɗa ba, na iya tsallaken kyanwa, na iya taka bango in kama saman katanga mai mita biyu da rabi. Gaskiya ina jin kaina. Sai a farkon shekarar karatun nan wani siririn yaro ɗan aji ɗaya ya zo ya tsaya yana kallonmu, hannu a aljihu, can ya ce, "Yaya, zan iya gwadawa?" Ni na nuna masa yadda ake sauka a kan gaban tafin ƙafa, ba a kan dunduniya ba. Cikin wata huɗu ya taka bango ya juya alkafurar baya, abin da na shekara ɗaya da rabi ina lallaɓawa ban yi ba. Cikin wata shida ya tsallake wurin da muke kira Rijiya, wato ratar da ke tsakanin dakalin tanki da katangar baya: faɗin mita uku, zurfin mita biyu. Ni da na raɗa wa wurin suna ban taɓa tsallake shi ba.

Na tafa masa, na rungume shi, na ce, "Kai, ƙanena, ka iya!" Da na koma hostal garau-garau ɗin da na saya ya ƙi shiga. Bari in faɗi abin yadda yake, tunda na kusa barin makarantar kuma kunya ta rage: ban yi masa fatan sharri ba, amma da a ce ya ɗan zame sau ɗaya, ya kurje gwiwa kaɗan, da na ji wani sanyi a raina. Wanda bai taɓa jin irin wannan ba, ko a aji ko a filin ƙwallo, ya ajiye mujallar nan ya tafi, ya fi ƙarfin nasihata.

Wannan zafin ƙofa biyu yake buɗe wa mutum, kuma na ga an fita ta kowacce. Ta farko ita ce ka sulale. Mu takwas ne a bara. Wani abokina da muka fi shekara muna atisaye tare ya fara kawo uzuri: yau furojet, gobe ciwon kai, jibi an kira shi gida. Daga baya ya ce shi ya girma da wasan yara. Na san shi, na san ranar da abin ya fara, ranar da yaron nan ya yi alkafurar bango ce. Ba wanda zai buɗe baki ya ce "na bari don wane ya fi ni", sai dai a nemo wa abin wata riga. Ƙofa ta biyu ita ce ka yi kukan kura ka afka wa tsallen da jikinka bai kai ba. Ta nan ni na fita, zan zo kanta.

Idan ka kai ƙarar wannan ciwo wajen masu ba da shawara, amsa ɗaya ce: kada ka kwatanta kanka da kowa, da kanka kake tsere. Maganar tana da daɗin ji, amma ni a ganina ba ta da amfani ko na sisi. Muna makarantar da ake liƙa sakamako a allon sanarwa, kowa ya gama duba lambarsa sai idonsa ya gangara kan ta maƙwabcinsa. Ido ba ya neman izini kafin ya auna. Balle a wasanmu da ba mu da koci, ba mu da littafi, da kallon juna muke koyo. Ka ce mini in kalli yadda wane ke ajiye ƙafa amma kada in lura ya fi ni, ai ka ce in shiga ruwa kada in jiƙe. Inda muke kuskure shi ne rabin kwatanci muke yi. Muna ɗora yau ɗinmu a kan yau ɗinsa, mu bar jiyansa a waje. In dai za a auna, to a ɗora kaya duka a kan sikeli.

Sai da na kwanta jinya na samu sukunin tambayarsa. Na ce, "Wai kai a ina ka taɓa yin wannan abu?" Ya yi dariya ya ce shi bai taɓa jin sunan fakur ba sai a nan. Amma garinsu a bakin gulbi yake, kuma da rani idan ruwa ya janye ya bar yashi, tun yana ɗan shekara bakwai shi da sa'o'insa a can suke yini suna alkafura, ta gaba da ta baya, suna dirowa daga gaɓa. Shekara goma sha ɗaya yana juyawa a iska yana faɗawa kan abu mai laushi. Wato wata huɗun da ya hana ni cin abinci, a gaskiya shekara goma sha ɗaya ne da wata huɗu. Ni kuwa a tsakiyar gari na tashi, a lungun da ko filin langa babu, kuma na fara juya jikina a iska ina da shekara goma sha tara, shekarun da mutum ya riga ya san mene ne karaya da kuɗin asibiti. Ga shi kilo 54, ni 71. Da na haɗa wannan lissafi ban ji na zama gwani ba, amma na daina jin cewa an yi rabon wani abu ne ina barci.

Haka abin yake har ga waɗanda suka kafa wasan. An haifi David Belle a 1973, ya taso a Lisses, wani ƙaramin gari a kudancin Paris. Mahaifinsa Raymond Belle an haife shi a Biyetnam a 1939, ya girma a makarantar marayu ta soja inda yake horar da kansa da gudu da hawa da tsalle, daga baya ya zama ɗan kwana-kwana a Paris. Ɗan ya gaji hanyar horon daga uban, ya fara tun yana matashi. Fim ɗin da ya ruɗe ni ya fito a 2004, lokacin Belle yana da shekara 31. Abokinsa Sébastien Foucan, wanda James Bond ke bi da gudu a farkon Casino Royale na 2006, yana da shekara 32 a lokacin. 'Yan mintocin da muke kallo baki buɗe, kusan shekara ashirin ce a ƙarƙashinsu. Yanzu kuma abin ya ƙara muni, don a TikTok da Instagram daƙiƙa goma sha biyar ake nuna maka. Ba ka ganin faɗuwa arba'in da aka goge, ba ka ganin katifar soso da aka shekara ana faɗawa a kai a ɗakin horo, ba ka ganin wanda ya je ya share ƙurar wurin dira ya gwada ƙarfin bangon kafin a kunna kyamara. Hangen Dala ne kawai, mu kuma sai mu ɗauka mun ga birni.

Ni ɗalibin injiniyan gine-gine ne, don haka ku yi haƙuri in kawo kankare. Duk wanda ya yi furaktikal da mu ya san yadda ake zuba shi a ƙaramin akwati mai milimita 150, a jiƙa shi a ruwa, a kai shi injin matsa a rana ta bakwai, a sake kai wani a rana ta 28. Washegarin zubawa ma idan ka taɓa shi za ka ji tauri, har ka iya taka shi. Amma a rana ta bakwai kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa kawai ya samu, sai a ta 28 ake ɗaukar ya kai abin da aka tsara. Ɗan kwangilar da ya ga saman dakin ya bushe ya cire katakon tokara don maigida na gaggawa, mun san labarin da ake ji daga baya. Jikin mutum ma kusan haka yake. Ƙarfin da kake ji ya ƙaru a makonnin farko na atisaye, yawancinsa ƙwaƙwalwa ce ke koyon sarrafa tsokar da kake da ita tun da. Tsoka kan biyo baya cikin makonni. Amma agara, wannan igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi a gwiwa da bayan dunduniya, jini bai cika ratsa ta ba, watanni take ɗauka kafin ta yi ƙwari. To ka ga matsalar: zuciya ta ce ka iya, cinya ta ce ka iya, agara kuwa tana rana ta bakwai. Shi ya sa ciwon nan na ƙasan ƙoƙon gwiwa, wanda 'yan ƙwallon raga da na kwando suka sani sarai, ya fi kama wanda ya ƙara yawan tsalle farat ɗaya. Yaron nan agararsa ta shekara goma sha ɗaya a jiƙe. Tawa ba ta kai ba, kuma ba ruwanta da abin da nake ji a raina.

Ga wani ɗan lissafi da kowane ɗan aji ɗaya zai iya bi. Wanda ya faɗo daga mita biyu yana isa ƙasa da gudun kusan mita shida da 'yan kai a daƙiƙa, wajen kilomita 22 a awa. Nauyin da ƙafarsa za ta ɗauka ya danganta da tazarar da ya yi amfani da ita wajen tsayawa. Idan ya lanƙwasa gwiwa da ƙugu ya shanye faɗuwar cikin rabin mita, a matsakaici ƙafafunsa za su ɗauki ninki biyar na nauyinsa. Idan ya sauka a sandare, ya tsaya cikin santimita goma, ninki ashirin da ɗaya ne. A jikina, na farko kamar buhun siminti bakwai ne, na biyu kusan buhu talatin. Bambancin bakwai da talatin ba jarumta ba ce, dubban dira ne daga ƙananan dakali har jiki ya riƙa yin daidai ko da hankali ya tashi. Kuma hankali yana tashi ne daidai lokacin da ake kallonka.

Ranar wata Alhamis, mako biyu bayan yaron ya tsallake Rijiya, wasu 'yan ajinmu suka biyo ta wurin, ɗaya ya fito da waya ya ce, "Oga, kai ne babba a nan, nuna mana." Yaron yana gefe, bai ce komai ba, shirunsa ma ya fi magana ciwo. Na san ban taɓa yin mita uku a ƙasa sau biyu a jere ba. Na san da safe gwiwata ta ɗan yi tsami. Na ja da baya, na taho. Tun ƙafata ba ta bar dakali ba na san ban kai ba. Yatsuna suka goge bakin katanga, na tafi ƙasa a karkace, ƙafar hagu ta fara isa ita kaɗai. Hausawa suka ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba, ni kuwa har sunan wurin ma ni na sa da bakina. Allah ya taƙaita, ƙashi bai karye ba, mummunan targaɗe ne a idon sawu. Amma mako bakwai ban yi gudu ba, furaktikal biyu na safiyo suka wuce ni, kuɗin hoton ƙashi da magani suka cinye abin da aka turo mini na abincin wata, kuma da sanda na shiga jarrabawar zangon farko. Mai wayar ya goge bidiyon don tausayi. Wato ko shaharar ma ban samu ba.

A kwancen nan na karanta yadda mutanen farko suke horo, sai na ga ashe sun san wannan ciwo tun kafin a haife mu, kuma sun yi masa dabara. Matasa tara ne a Lisses da Evry, waɗanda a 1997 suka kira kansu Yamakasi, kalma daga harshen Lingala na Kwango mai nufin ƙarfin jiki da na zuciya. Yadda ake ba da labarin horonsu, tsalle ba ya shiga lissafi don an yi shi sau ɗaya. Sai mutum ya maimaita shi sau goma a jere, ba tare da ya ji ciwo ko ya yi da ƙyar ba, sannan a ce ya iya. Idan ana atisayen haɗin gwiwa ɗaya ya kuskure, kowa da kowa ake komawa farko. Kuma ba a yarda wani ya riƙa nuna ya fi wani ba. Ku duba abin da wannan tsari ke yi. Dokar sau goma ta kashe darajar sa'a, ta kashe tsallen ganin ido, don abin da ka yi da ƙarfin kunya ba za ka iya maimaita shi sau goma ba. Dokar komawa farko kuma ta ɗaure mai sauri da mai nawa da igiya ɗaya: idan na baya bai iya ba, na gaba ma bai gama ba, don haka dole ya juyo ya koyar.

Tushen abin ma ya girme su. Wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, yana tsibirin Martinik a 1902 lokacin da dutse ya yi aman wuta ya hallaka garin Saint-Pierre, ya kuma taimaka wajen ceto ɗaruruwan mutane. Daga nan ya tsara hanyar horo da ta ƙunshi gudu, tsalle, hawa, rarrafe, ɗaukar kaya da iyo, bisa ra'ayin cewa amfanin ƙarfi shi ne ya amfani wani. Filin shingayen da sojoji ke horo a kai daga tsarinsa ya samo asali, daga sunan filin kuma kalmar fakur ta fito. Abin dariyar, Hébert ya ce jikin mutanen da ya gani a Afirka ne ya burge shi, mutanen da ba su da malamin motsa jiki. Wato irin yaran bakin gulbin nan ya gani, ya kai Turai aka sa wa abin suna, ya zagayo ya dawo mana ta waya, ni kuma ina nan ina jin haushin ɗan bakin gulbi. Duniya ke nan.

Wani zai ce ai gasa ita ke sa a ci gaba, kuma wasan ma yanzu ana gasarsa. Haka ne. Birtaniya ta amince da fakur a matsayin wasa a hukumance a 2017, hukumar wasannin jimnastik ta duniya ta jawo shi ƙarƙashinta duk da ƙorafin 'yan wasan da yawa, aka kuma yi gasar duniya ta farko a Tokiyo a 2022. Ban ce gasa haramun ba ce. Amma a can akwai alƙalai, akwai likita a gefe, akwai filin da aka gina don haka, akwai ranar da aka sa mutum ya yi watanni yana shiri dominta. Gasar bayan wakshof ba ta da ko ɗaya daga ciki. Ba a sanar da ita, ba ta ƙarewa, kyautarta "kai, wane ya iya", hukuncinta kuma sanda. Shi kansa Foucan, wanda kalmar firiranin ta fito ta dalilin shirinsa na Jump London a 2003, abin da ya dinga nanatawa shi ne kowa ya bi hanyarsa a wasan. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin zaƙin baki irin na waɗanda suka riga suka yi suna. Yanzu ina ganin maganar mai gwiwa ce da ke son ya tsufa da ita.

Da na warke na sayi ƙaramin littafi na naira ɗari biyu. Ba na rubuta abin da na yi sau ɗaya, sai abin da na yi sau goma. Tazarar da na tsallaka daga tsaye na sauka a kan layin alli ba tare da na ƙara taku ba. Daƙiƙa nawa na yi a rataye a katanga. Tsawon da na yi da rarrafen ƙafa huɗu kafin hannu ya mutu. Abubuwa ne marasa kyan gani, ba wanda zai ɗauke su a waya, amma suna da wata fa'ida: suna motsi. Alkafurar bango ko ka yi ko ba ka yi ba, kana iya shekara a kan "ba ka yi ba", zuciya ta mutu. Santimita kuwa tana ƙaruwa, yau biyu, wani makon uku, wani makon ta koma baya don ba ka yi barci ba, ka kuma san dalili. A ranakun da ba na jin zuwa, kuma suna da yawa, ba wani kirari nake yi wa kaina ba. Na dai san akwai layin da ban cike ba a shafin makon, kuma akwai mutum biyu da za su tsaya jirana.

Kada in yi muku ƙarya, lissafin shekaru bai share komai ba. Akwai baiwa. Ko da an ba ni yashin gulbin nan tun ina ɗan bakwai, ina zargin yaron zai fi ni, don akwai wani sanin inda jiki yake a iska da wasu ke zuwa da shi. Mai yiwuwa in bar wasan nan ban taɓa yin alkafurar bango ba. Na zauna da wannan magana na ga ba ta kashe ni ba. Tambayar da ta rage ita ce ko ina son abin don kansa, ko kuwa matsayin "babba a nan" nake so. Na tarar akwai duka biyun a cikina, na biyun ne ya kai ni asibiti, na farkon ne ya dawo da ni fili. Abokina da ya sulale, ina jin bai tsaya ya raba su ba, ya zubar da duka.

Ku kuma masu sauri, ina da magana da ku, ko a wasanmu kuke ko a wani. Ba laifinku ba ne da kuka iya, kada ku rage gudu don wani ya ji daɗi. Amma ku daina cewa "ai abu ne mai sauƙi, kawai ka yi". Kalmar "kawai" ɗin nan ta fi zagi ciwo, kuma ƙarya ce, don kun manta shekarun da kuka yi kafin abin ya zama kawai. Ku faɗi inda kuka samo shi. Ku nuna matakin da kuka bi, har da wanda kuka faɗi. In kuma kun ga na gaba da ku a shekaru ya ja da baya zai afka wa abin da kun san bai kai ba, ku riƙe masa riga ko da zai ji haushi. Yaron nan ya ce mini ranar ya so ya hana ni, kunya ta hana shi, wai kada a ce ƙarami ya raina babba. Kunyarsa da girman kaina suka haɗu suka ci mini mako bakwai.

Mun sa doka yanzu a tsakaninmu: ba a fito da waya sai an gama atisaye, kuma ba a ɗaukar abin da mutum bai yi sau goma ba. Wanda ya zo kallo ya ce a nuna masa, mu ce ya dawo gobe. Ga ƙungiyar ɗalibai kuma, musamman ofishin wasanni, roƙonmu bai kai kuɗin rigunan ƙwallo na sashe ɗaya ba: tifa ɗaya ta yashi mai laushi a wani lungu na filin wasa, da tsofaffin tayoyi kamar goma. Mu za mu haƙa ramin, mu za mu daɓe gefensa, aikinmu ne. Duk wanda ya taso a cikin gari irina yana buƙatar wurin da zai faɗi sau ɗari ba tare da ya biya kuɗin hoto ba, kuma 'yan tsallen nesa ma za su amfana. Ni ba zan ci moriyarsa sosai ba, saura mini wata biyu da kare furojet.

Rijiya tana nan inda take. Ranar Asabar da ta wuce na auna mita uku da alli a ƙasa, daidai faɗinta, na ja layi biyu. Na yi tara lafiya. A na goma dunduniyata ta taɓa layi. Yaron ya ce, "Yaya, ai ta yi, ɗan kaɗan ne fa." Na ce ba ta yi ba. Ya kalle ni, ya cire silifas ɗinsa, ya zo ya tsaya a bayana, muka koma ɗaya ni da shi.